Lado da Muciyar 'Yan Malesiya

Lado maƙwabcina ne, ƙofa na kallon ƙofa, a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Manfuha, cikin Riyadh. Mu shida ne a gidan, duk 'yan Najeriya, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Shi Bazazzagi ne daga Soba, ni Bakano ne daga Wudil, saboda haka bawana ne tun kafin a haife shi, ko da yake har yau bai yarda ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, maganarsa ba ta wuce abin da aka tambaye shi. Aikinsa tuƙa ƙaramar bas, ya kwashi nas-nas daga masaukinsu zuwa asibiti, ya dawo da waɗanda suka tashi. Ni kuwa, Ghali, faci nake yi a wani banshar, wato shagon gyaran taya, a kan hanyar Naseem. In ana maganar ƙarfin dantse, kowa a gidanmu ya san wanda za a nuna, kuma ba Lado ba ne.

Mahaifiyarsa, Inna Turai, tuwo take sayarwa a tashar Soba. Allah ya ba ta 'ya'ya biyar, duk maza, Lado ne babba. Da yake babu 'ya mace da za ta kama mata, tun yana shekara goma ita ke miya, shi ke tuƙi. A bayan zana yake yi, don kada direbobi da 'yan kamasho su gan shi da muciya su sa masa suna. Shekara takwas yana wannan ɓoyo, har ya koyi mota ya bar gida. Daga baya ya zo Riyadh a leburan gini, ya yi shekara biyu yana ɗaukar bulo, sannan kafilinsa, ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, ya sake shi ya koma wani kamfanin motoci. Matarsa Sailuba da yara uku suna can Soba.

Zancen muciyar nan bai taɓa gaya wa kowa ba. Ni na gano da kaina, ran da na shiga kicin na tarar yana tuƙa tuwon semo. Mu mazan gidan in mun tuƙa tuwo, gudaji ne kamar tsakuwa, ana ci ne don dole. Na Lado kuwa sumul, har da tsoma mara a ruwa yana gyara malmala.

Na jingina da ƙofa na ce, "Sannu da aiki, Hajiya Lado. Wa ya koya miki?"

Ya ce, "Za ka ci ne, ko surutu ka zo yi?"

Na ci malmala uku. Sunan kuma ya zauna.

Cikin nas-nas ɗin da yake ɗauka akwai 'yan Malesiya da yawa. Mutanen nan, duk Juma'ar azumi, suna haɗuwa a wata istiraha can ƙarshen unguwar Naseem, gida mai faɗin tsakar gida da rumfa wanda ake kamawa don taro. A nan suke dafa wani abu da suke kira bubur. Fate ne na shinkafa, da nama, da madarar kwakwa, da man shanu, da kayan ƙamshi iri-iri da ban san sunansu ba. Tukunya uku suke ɗorawa, kowace za ta ɗauke ni a zaune. Tun hantsi ake tuƙi har la'asar, da muciya mai tsawon mutum, kamar ta tuƙa kwalekwale. Sai a zuzzuba a robobi a raba wa masu gadin asibiti, da masu shara, da direbobi, da nas ɗin da aiki ya riƙe, da duk wanda ya miƙo hannu. Suna ce wa aikin gotong-royong. Gayya ce dai irin tamu ta noma, sai dai su ba sa kiran makaɗi, kuma likita da mai goge-goge a tabarma ɗaya suke yanka albasa.

Shekara huɗu da suka wuce Lado ya kai su wurin, ya zauna a cikin bas yana jira kamar kowane direba. Iska ta kaɗo masa ƙauri. Da bakinsa ya gaya mini bai san lokacin da ya sauko ba, sai ganin kansa ya yi a gaban tukunya, ya karɓe muciya daga hannun wani injiniya da ke juya ta sama-sama kamar mai motsa shayi. Ya rage wuta, ya kankare gindin tukunyar, ya ce a kawo ruwan zafi. Mai azumi ba ya iya ɗanɗana abinci, kuma nan ne suke shan wahala. Ashe Lado ba ya bukatar harshe. Da hanci yake sanin abin da ya yi kaɗan, da kunne yake jin tukunya na shirin kamawa, wai ƙarar tafasar sauyawa take yi. Inna Turai ce ta koya masa, da ranƙwashi.

Tun daga ranar suka riƙe shi. Shugabansu wani dattijo ne mai furfura da tabarau, yana aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, suna kiransa Pakcik Kamil, kamar mu ce Kawu Kamil. Shi ya sa aka ɗinka wa Lado koriyar rigar girki, irin wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure ta baya, an rubuta "Abang Lado" a ƙirji da farin zare. Abang wai Yaya. Suka sa shi a guruf ɗinsu na waya. Mutumin da a da sai ranar Juma'a wayarsa ke ƙara in Sailuba ta kira, yanzu muna cin abinci tana ɓurari a aljihunsa, yana dubawa yana murmushi, alhali rabin abin da suke rubutawa ba ya ganewa.

Zan faɗi gaskiya, abin ya tsaya mini a rai. A garin nan ba a kiranmu da suna. "Ya sawwaƙ" ake ce wa direba, saura kuwa "ya sadiƙ", wato aboki, in an girmama ka a ce "ya Muhammad". Shekarata goma sha ɗaya a banshar, mai shagon har yau "ya Najiri" yake ce mini. Amma wannan ɗan Soba, mai tuƙin tuwo a bayan zana, sunansa ne a ɗinke da zare.

Da Inna Turai ta rasu bara waccan, bai samu zuwa gida ba. Washegari mutum goma sha huɗu suka hau benenmu, mazan da zannuwa ɗaure a ƙugu, matan da kuloli. Suka cika ɗakinsa suka malalo har bakin ƙofata, suka karanta masa Yasin. Kwana uku abinci na zuwa, kuma ba da ka ba, a rubuce: wance Litinin, wane Talata. Ni da ƙanin babana ya rasu, mutum uku ne suka shigo mini gaisuwa, ɗayansu ma caja ya zo aro.

Mu ma fa mun taɓa kafa ƙungiya a Manfuha. Zama huɗu muka yi, muka naɗa shugaba, da mataimaki na ɗaya, da na biyu, da Sarkin Baƙi, da Sarkin Samari. Ni aka ba Sarkin Tsafta. Ko matakala ba mu taɓa sharewa ba. A zama na biyar aka yi musu a kan wa zai zauna a kujerar tsakiya, aka watse.

Sau biyu na bi Lado istirahar nan. Duka biyun aka yi mini maraba, aka miƙo mini wuƙa da buhun albasa. Ina zaune ina hawaye, ina kallon bawana a tsaye a kan tukunyar tsakiya, koriyar riga a wuya, injiniyoyi na jiran ya ce a zuba kwakwa. Na ce a raina, wannan muciya sarauta ce, kuma sarauta ba ta dawwama a gida ɗaya.

Bana, saura mako biyu azumi, na lura da wani abu a masallaci. Muna sahu ɗaya, in aka yi kabbara hannun hagun Lado na kaiwa kunne, na dama kuwa a ƙirji yake tsayawa. Na fara sa ido. Shanya da hagu yake yi. Riga sai ya sunkuya ya zura kai kamar kunkuru. Ɗakinsa kuma warin man zafi har matakala.

Na tare shi a kicin na ce, "Hajiya, miƙo mini gishirin can na saman kanta."

Ya ɗaga hannu, ya kai rabi, ya cije leɓe. Ya sauke.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Wata biyu. Tuƙin mota ba ya hana ni, hannu a ƙasa yake." Ya leƙa waje ya ga ba kowa. "Ghali, don Allah kada wannan magana ta fita. In suka ji, wani za su ba muciyar. Ka san direba nake. In ba na tuƙa musu bubur, me zai kai ni cikinsu? Bas zan koma in zauna in jira, kamar da."

"To sai me? Da can mutuwa ka yi a bas ɗin?"

Ya ce, "A cikinsu kaɗai ake kiran sunana."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, bakina ƙanin ƙafata. Da na faɗa ɗin ma har zuciyata na faɗa.

Juma'ar farko ta azumi ta zo. Na saka shaddata ruwan toka da hula, na sa kwalbar turare a aljihu, na bi shi. Ya kalle ni ya ce, "Albasa za ka yanka da wannan shadda?" Na ce bayi ba sa yi wa iyayen gijinsu tambaya.

Ranar na ga dauriya. Da hagu yake jan muciyar, na dama ya ɗora shi kawai don idon mutane. Gumi ya jiƙa koriyar rigar har ta koma baƙa. Duk wanda ya zo karɓarsa sai ya girgiza kai. Da na ga haka sai na ce wa kaina ai taimakonsa zan yi. Wani ɓangaren zuciyata kuma yana auna yadda "Abang Ghali" zai zauna a ƙirji.

Na samu Pakcik Kamil a gefen rumfa yana ɓare tafarnuwa. Na cire takalmi, na durƙusa, na dunƙule hannu kamar yadda ake gaida hakimi. Dattijon ya dube ni, ya ajiye tafarnuwa, shi ma ya durƙusa, ya dunƙule nasa hannun. Muka yi tsugune muna kallon juna. Na miƙa turare. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya shafa, ya miƙa wa na kusa da shi, kwalbar ta bi tabarma har ta ɓace mini.

Larabcina na kasuwa ne, nasa na ofis, amma mun fahimci juna. Na dafa kafaɗata na ce ta Lado ta lalace. Na naɗe hannun shadda na nuna masa dantsena, na ce ga shi kuwa, yana nan a shirye.

Na zaci zai tambaye ni ko na iya tuƙi. Sai ya ce, "Tun yaushe yake ciwo?"

Na ce wata biyu.

"Ya ga likita?"

Na ce a'a.

"Wa ke masa wanki? Wa ke masa girkin buɗa-baki?"

Na ce shi ke yi. Ban gaya masa cewa har ni yake dafawa ba.

"Kai ne maƙwabcinsa?"

Na ce ƙofa da ƙofa.

Ya dafa ni ya ce, "Masha Allah. Maƙwabci nagari." Ya zaro waya ya tambayi sunana, ya rubuta. Na tashi ina jin an gama naɗi, saura rawani.

Ran Litinin, da yamma kafin a sha ruwa, Lado ya dawo. Ina kicin ina dama kunu. Bai ce bawana ba, bai ce Bakano ba.

Ya ce, "Ghali."

Ashe da safe wata nas mai gashin ƙashi, Kak Rabi'atu, Kak ɗin ma Yaya ce ta mata, ta tsaya a ƙofar bas ta hana kowa shiga, ta ce, "Abang, ɗaga hannu." Ya ɗaga na hagu. Ta ce ɗayan. A gaban nas goma sha biyu asirinsa ya tonu. Da suka isa ta ja shi ciki, aka duba, aka ce jijiyar kafaɗa ce ta kumbura, ba muciya, ba ɗaukar nauyi, wata uku.

Ya ce, "Me na tare maka? Kana da baki, duk inda ka shiga ana dariya, ana ba ka wuri. Ni abu ɗaya gare ni."

Na ce, "Lafiyarka na duba."

"Da shadda da turare ka duba ta?"

Na juya na ci gaba da dama kununa. Ya shiga ɗaki, ya fito da koriyar rigar a wanke a ninke, ya rataye ta a mariƙin ƙofata. Ya kashe wayarsa. Ranar kowa shi kaɗai ya sha ruwa.

Talata wani ya hau bene da kular abinci, ya ce na Abang Lado ne. Laraba wata kular. Alhamis mijin Kak Rabi'atu ya kawo wata doguwar roba ja, ya nuna yadda za a ɗaura ta a ƙofa a riƙa ja a hankali. Lado ya karɓa, ya yi godiya, ya tura abincin kicin bai taɓa ba. Na ji yana gaya wa ɗan ɗakin ƙarshe, "Abincin sallama ne. Mutanen kirki ne, ba za su kore ka da baki ba."

Ni na cinye kulolin, don kada a yi asara. Amma rigar nan da ke rataye a ƙofata, kwana huɗu ban iya taɓa ta ba.

Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa. Pakcik Kamil ne da kansa, yana haki, hawa uku ba wasa ba ne ga mai furfura da azumi. Lado ya buɗe ya ce a yi masa haƙuri, ba ya jin daɗi.

Dattijon ya ce, "Mun sani. Shi ya sa na zo da mota." Ya nemi matakala ya zauna. "An wanke shinkafa, an yanka nama, ba a kunna wuta ba. Mutum arba'in suna jira. Ni ma zan jira a nan."

Lado ya ce, "Pakcik, ba zan iya riƙe muciya ba."

"Wa ya ce ka riƙe?" Ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa. "Maƙwabci, ɗauko rigar can, kai ma taho."

Da muka isa, ga tukwane uku a jere, a tsakaninsu an ajiye kujera mai hannu, da matashi biyu, da fanka a tsaye tana kallonta. A jikin bango an manna kwali an rubuta sunaye da lokaci: kowa minti ashirin a kan muciya, ya sauka wani ya hau. Pakcik Kamil ya kama Lado ya zaunar da shi, ya yi magana da yarensu aka yi dariya, sannan ya maimaita mana da Larabci.

Ya ce, "Hannu muna da shi, ga su nan birjik. Kunne ɗaya gare mu. Shekara huɗu muna barin kunnen yana aikin hannu, laifinmu ne."

Lado ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

Na matsa kusa da kwalin na nemi sunana. Kowa sau ɗaya ya fito, injiniyan nan sau biyu. Ghali sau biyar. Na waiwaya, dattijon ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini dantse, yana murmushi. Aka rataya mini koriyar rigar Lado, aka ɗaure ta baya, aka miƙo muciya.

Ban san shinkafa na da nauyi ba sai ranar. Minti biyar na farko na yi ta bugu kamar mai tuƙa tuwon biki, fate na tsalle yana ƙona mini ƙafa.

Daga kan kujera aka ce, "Bawana, ba taya kake cirewa ba. Sauke muciyar ƙasa. Kankaro gindi, ka jawo gefe."

Na ce, "Hajiya, ki bar ni in yi aikina."

"Hajiyar ce a kujera. Ƙasa na ce."

Sai ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Can ya nuna tukunyar hagu da haɓa ya ce a rage wuta. Aka rage. Ya shaƙi iska ya ce ta tsakiya tana son kwakwa, mutum uku suka ruga. Wani likita ya zo ya gyara masa fanka. Ni kuwa zuwa hawa na uku tafin hannuna ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa, harshena ya manne, kuma ba wanda ya kalle ni sai in na tsaya. Da na tsaya sai in ji, "Abang Lado, daidai yake yi?" Shi kuma ya ce, "Da sauransa, amma Bakano ne, a yi masa uzuri."

Bayan la'asar aka ɗora mini kwalin robobi na kai ƙofar asibiti. Lado na gaban motar Pakcik, cikin sanyi, gilas a sauke rabi. Mai gadi na farko ya karɓi robarsa, ya karanta ƙirjina, ya ce, "Shukran, Lado."

Na ce, "Ghali."

Ya ce, "Allah ya saka, Lado."

Masu shara shida suka zo, duk haka. Na ji dariya daga cikin mota, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba tun da na san shi. Da na dawo na zauna a baya ya miƙo mini dabino uku da hannun hagu, ya ce in riƙe kafin a kira salla.

Yanzu azumi ya wuce, kafaɗar tana warkewa. Robar nan ja a mariƙin ƙofata aka ɗaure ta, don a takardar Kak Rabi'atu an rubuta cewa maƙwabci ne zai riƙa ƙirga masa, sau goma sha biyar safe da yamma. Wankinsa ma sunana ne a kai. Sun ce ko ya warke sarai, kujerar tasa ce, ba zai sake taɓa muciya ba sai don nuni. Na tambayi Pakcik Kamil yaushe za a ɗinka riga mai sunana, ya ce za a kai maganar taro.

Shekaranjiya ina ƙirga wa Lado na tsaya a takwas, na dafa kafaɗata na ce, "Ka san tun azumin nan tawa ma take ɗan damuna? In ka haɗu da Pakcik ka ɗan tsegunta masa. Na ga wurin zai ɗauki kujera biyu."

Ya ci gaba da jan robarsa. Ya ce, "Haba, Ghali. Ni ba na tona asirin maƙwabci. Tara."